Kifin da Baba Ya Ba Gwaggo Kiwo

A gidanmu na Gusau, sai an gama duba lafiyar kifi ake duba lafiyar mutane. Ba ƙari na yi ba. Baba zai dawo daga masallaci da safe, ya tarar da mu a durƙushe muna gaishe shi, ya amsa da "lafiya, lafiya" ba tare da ya dube mu ba, ya zarce falo wurin akwatin gilashinsa. Sai ya leƙa ta gaba, ya leƙa ta gefe, ya tabbata babu wanda ya tashi da ciwon kai a cikinsu, sannan ya waiwayo ya ga ko mu ma mun kwana. Ni ce babba a 'ya'yansa, amma tun ina ƙarama na gane cewa kifin nan sun girme ni a gidan, kuma na daɗe ina jin haushinsu.

Ba kuma wani kifin a zo a gani ba ne wajen girma. Babbansu bai kai ƙaramin yatsana ba. Sai dai mazan akwai kwalliya: wutsiya baje kamar mafici, wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani shuɗi da ɗigo-ɗigon baƙi, suna tafe suna karkaɗa ta don kowa ya gani. Matan kuwa toka-toka ne, ciki tulu-tulu, babu ruwansu da kowa. Baba ya raɗa musu suna 'yan gayu. Abin da ya fi burge shi game da su, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya ji ko yana so ko ba ya so, shi ne ba ƙwai suke sakawa ba, haihuwa suke yi irin ta awaki.

A lokacin yayinsu ake yi. Akwai wani mutumin kudu mai shago a Sabon Gari, shi yake kawo su ta jirgin ƙasa, a ƙulle cikin leda da ruwa. Duk ma'aikacin da ya isa a kira shi ma'aikaci, za ka tarar da akwatin kifi a falonsa, tsakanin rediyo da kabet ɗin tangaran. Baba akawu ne a wurin gurzar auduga, bai kuwa yarda a bar shi a baya ba. Yayin ya zo ya wuce, na mutane suka mutu, aka fitar da akwatunan bayan gida. Na Baba ne kawai suka ƙi ƙarewa. Suka yi ta haihuwa, jikoki da tattaɓa-kunne, har muka girma muka yi aure muka fita muka bar su suna mulkinsu.

Abincinsu gwaiduwar ƙwai. Kowace safiya Inna, mahaifiyarmu, za ta dafa ƙwai guda, ta ɓare, ta kawo a wani ɗan farantin tasa tana mita. Ta dangwarar a gabansa ta ce, "Ga na manyan gida." Baba zai tsinki gwaiduwar da farce, 'yar mitsitsiya, ya murje a saman ruwa, kifi su taso su yi caa. Sauran ƙwan sai ya barbaɗa masa gishiri ya cinye, wai don kada a yi almubazzaranci. Baba mutum ne mai wuyar cin abinci, in ba ta wannan hanya ba, babu abin da ke shiga cikinsa kafin azahar. Sai da na yi hankali na gane ba kifi Inna take dafa wa ƙwai ba.

Babbar abokiyar gabar kifin nan ita ce Gwaggo. Taubashiyar Baba ce, ɗiyar kawunsa, kuma tun suna yara ba a taɓa ganin sun haɗu sun rabu ba su yi wa juna tsiya ba. Tana aure a wani ƙauye bayan Bungudu, gidan manoma masu awaki da rumbuna. Ita tana kiransa Baturen Gusau, saboda bokonsa da Hausar rediyo da yake yi, shi kuma yana kiranta Sarauniyar Ƙauye. In ta zo, ko mayafi ba ta cirewa take zuwa ta tsaya a gaban akwatin ta riƙe haɓa.

"Wai har yau ba su girma ba? Baturen Gusau, mi kake ba su? Kihin da ba shi shiga miya, ba shi shiga kasuwa, sai dai a zauna ana kallo."

"Ke ina kika san ado," in ji Baba. "Duk abin da ya motsa, tukunya kike hango masa."

Wata shekara, ina 'yar firamare, ta zo ta cika mana kunne da labarin awaki. Wai hannunta yana da albarka, wai har daga ƙauyukan nesa ake kawo mata kiwo, wai akuyar da ba ta taɓa haihuwa ba in ta shigo garkenta sai ta yi tagwaye. Kiwo kuwa a wurinmu ba wasa ba ne. Mutum zai ba ka akuyarsa ka riƙe masa, in ta haihu ku raba 'ya'ya. Ba ka sayarwa, ba ka yankawa, sai da yawunsa. In ta mutu, ka feɗe fatar ka kai masa ya gani da idonsa, don kada zargi ya shiga tsakani.

Baba ya saurare ta har ta kai aya. Sai ya tashi ya ɗauko wata kwalba mai faɗin baki, ya cika da ruwa, ya kamo namiji ɗaya da mata biyu ya zuba, ya ƙwala wa Inna kira daga kicin.

"Tunda hannunki yana da albarka, ga kiwo na ba ki. Ga uwar yara nan, ita ce shaida."

Inna ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu ta ce ta shaida, tana danne dariya. Gwaggo ta karɓi kwalbar ta ɗaga sama ta harare su.

"Na amsa. Amma ka sani, ina isa gida kasko za su."

Da ta dawo da Sallah, kafin a tambaye ta ta ce, "Na soye su. Ko tsakanin haƙora ba su cika ba." Baba ya tafa hannu ya ce ga mai cin amana nan ta zo, a ɓoye kaji. Daga nan labarin ya zama nasu na kowace shekara, kuma kowace shekara sai ta ƙara masa gishiri. Yau ta ce da man gyaɗa ta soya, gobe ta ce da man shanu, wata shekarar ta ce kyanwa ma ta shinshina ta juya baya. Dukanmu mun yarda. Wa zai yi wa Gwaggo musu a kan abin da ya shafi kasko?

Inna ta rasu a wata bazara mai tsananin zafi, bayan jinya ba mai tsawo ba. Baba ya zauna a ƙofar gida ya karɓi gaisuwa, ido a bushe, shi yake ba mutane haƙuri maimakon su ba shi. Gwaggo ta zo ta yi kwanakin zaman makoki ta koma, kuma wannan ne zuwan da ban ji ta ambaci kifi ba. Ni na tattara yarana na dawo gidan don in kula da shi, dafa ƙwai ya dawo hannuna. Yana ci, ba laifi, ko da yake yakan daɗe yana kallon farantin.

Sai famfo ya ɗauke, muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Ashe ɗaya daga cikin jarkokin an taɓa zuba kalanzir a ciki, ba a wanke da kyau ba. Baba da hannunsa ya ƙara wa akwatin ruwan nan da safe. Kafin wani ya ji warin, aikin gama ya gama, la'asar ba ta yi ba kifin duk sun juyo ciki sama. Baba ya tsame su ɗaya bayan ɗaya, ya haƙa rami a gindin lemon tsamin da ke tsakar gida ya rufe su. Ya wanke akwatin tas, ya cika shi da ruwa mai kyau, ya jawo kujerarsa ya zauna a gabansa.

Washegari na kawo ƙwai kamar kullum. Ya dube ni ya dubi farantin.

"Na wa?"

"Naka mana, Baba."

"Ai ni ba na cin ƙwai. Ragowa nake ci."

Tun daga ranar cin abinci ya zama yaƙi. Tuwo ya ce ya yi nauyi, kunu ya ce ya yi zaƙi, fura ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo masa jikoki, na yi fushi na daina magana, duk a banza. Na kai shi asibiti, likita ya auna ko'ina ya ce lafiyarsa ƙalau, a dai riƙa ba shi abinci mai gina jiki. Na ce, likita, ai da abincin yana shiga da ba ka gan mu ba. Agogon hannunsa ya fara zamewa har gwiwar hannu, hularsa ta fara rufe masa kunne. Amma duk mako sai ya canza wa akwatin ruwa, akwatin da babu ko tsutsa a ciki.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na rasa uwa, ga uba yana haɗa kaya zai bi ta, ina ji ina gani. Ga kuma haushi, wai duk wannan a kan kifin da bai kai yatsa ba. Na san ba kifin ba ne kaɗai, ni ba yarinya ba ce. Amma Inna ba zan iya dawo da ita ba, kifi kuwa na ce ko a ina yake sai na nemo.

Na fara da Sabon Gari. Shagon yana nan, amma yanzu caja da gilashin waya ake sayarwa. Saurayin da ke ciki na yi masa bayani, ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai taɓin hankali. Wani tsohon tela da ke maƙwabtaka da shi ne ya ce mai kifin ya koma garinsu tun shekaru, jirgin ma da ke kawo su ya daina zuwa. Na shiga kasuwa, duk wanda na tambaya sai ya nuna mini layin masu tarwaɗa. "Hajiya, ɗanye ko banda?" Na ce na kallo nake nema. Wani ya ce in na saya ai ina iya kallonsa kafin in dafa, babu mai hana ni.

Na bi ta tasha na ba direbobin Kaduna da na Kano sallahu. Ɗaya daga cikinsu, Allah ya saka masa, ya dawo mini da wani jan kifi a leda, ƙato, idanu zuru-zuru, ciki kamar ya haɗiyi goro. Ya ce mai shagon ya ce masu wutsiyar mafici ba a cika kawo su ba yanzu, wannan ake yayi. Na kai wa Baba da murnata. Ya ɗaga ido ya dube shi sau ɗaya.

"Wannan ai ɗan kwangila ne. Dubi tumbinsa. Mayar wa mai shi."

Sai na tuna Baba ya taɓa ɗiban wa wani abokin aikinsa iri, wani dattijo da ya yi ritaya ya koma Tsafe. Na kama hanya da sassafe, don hanyar yanzu ba a yi mata yamma. Dattijon ya tarbe ni da fara'a, ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi jikin Baba. Da na kawo maganar sai ya washe baki.

"Akwatin? Yana nan, 'yata, lafiya lau. Zo ki gani."

Ya ja ni har zauren gidan, ga akwati kuwa a kan tebur, an goge shi yana ƙyalli, cike da cincin da alkaki da dubulan na sayarwa. Ya ce maiɗakinsa ta ce ba ta taɓa samun abin sana'a mai kyau irinsa ba, ƙuda ba ya shiga. Na ce kifin fa? Ya ce af, ai jikoki ne suka lura ba a taɓa yi musu wanka ba, suka tausaya musu, suka zuba sabulu. Ya sa aka ƙulle mini cincin a leda in kai wa Baba. A mota na zauna ina cin cincin ɗin ina hawaye, matar da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri ba ta san a kan me ba.

Daga nan na haƙura da kifi. Na ce tunda lallashi ya ƙi, bari in ɗauko wadda za ta zage shi. A duniya mutum ɗaya ce take iya sa Baba ya ɗaga murya. A lokacin Gwaggo ta dawo cikin garin Bungudu da zama, wurin ɗanta, tun da daji ya lalace mutanen ƙauyensu suka watse.

Na same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na zayyana mata komai, ban rage ba. Na zaci za ta yi dariya ta ce maganin Bature ke nan, amma sai ta ajiye tiren.

"Kihin duka?"

"Duka, Gwaggo. Ko ɗaya bai tsira ba."

Ta kau da kai ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsinkar zogalenta a hankali. Aka kira azahar, na ɗauki buta na ji babu ruwa, na zagaya bayan ɗakinta. Randuna biyu ne a wurin, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa an rufe ta da faifai. Kowa ya san ta inuwa ta fi sanyi. Na ɗaga faifan na zura moɗa.

"Ke, ba wagga ba!"

Ta makara. Na ɗago moɗar, sai ga wasu 'yan abubuwa suna wutsil-wutsil a ciki. Na leƙa randar, ruwan baƙi ƙirin da su, manya da ƙanana da 'yan jarirai irin ƙwayar gero. Gwaggo ta iso tana haki, zani a hannu.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Ƙwarin ruwa ne."

"Ƙwarin ruwa masu wutsiya baje?"

"Mu nan Bungudu haka namu suke."

Na tsaya ina kallonta, ita kuma tana kallon katanga. Tsohuwa mai jikoki, wadda ko mai gari ba ya iya tanka mata, ga ta tsaye ta rasa inda za ta sa idonta. Can ta ja tsaki ta ƙwace moɗar ta mayar da su cikin ruwa, a hankali, har tana karkata hannu don kada su bugu.

"To kiwo ne hwa. Gaban shaida anka ba ni. Akuya in ta mutu sai in kai hwata. Wanga abu in ya mutu, wace hwata zan kai mashi? Sai shi tara mani mutanen Gusau shi ce na ci amana."

"Ai kin ce kin soye su."

"To in ce mi? In ce ina jan guga ina ɗebo ma kihi ruwa? In ba Baturen Gusau wanga daɗi da bakina? Allah shi sawwaƙe."

Ta ce ita ba ta san wata dabara ba, dusa take watsa musu, su kuma su tsince tsutsar sauro, shi ke nan. Abin ne dai ba shi da zuciya, in ji ta, ko ka yi masa wulaƙanci sai ya haihu. Matar ɗanta, da ke tsaye tana jinmu, ita ta ƙarasa mini sauran. Ranar da suka baro ƙauye, kowa abin da hannunsa zai iya ɗauka ya ɗauka. An bar gero a rumbu, an bar awaki a turke. Gwaggo ta bar akwatin zannuwanta, ta juye kifin nan a tulu, ta ɗaure bakin da ƙyalle, ta ɗora a ka, a ƙasa har bakin titi. Ɗanta ya yi mata magana, ta ce masa kayanta nata ne, in sun salwanta ita ta yi hasara, wannan kuwa ba nata ba ne.

Na fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, har na zauna a ƙasa kusa da randar. Gwaggo ta ce in tashi in yi salla, kuka ba ya cika tulu, kuma in na kuskura na ba da labarin nan a Gusau ba da izininta ba, ba ni ba ita.

Washegari muka kamo hanya. Ta juye su a bokitin fenti, ta huda murfin da ƙusa. Direba ya ce a sa a but, ta ce sai dai shi ya shiga but ɗin. Ta ɗora bokitin a cinya ta rungume, duk ramin da mota ta faɗa sai ta yi wa direban wankin babban bargo, ta tambaye shi ko buhunan masara ya ɗauko. Wani fasinja ya ce, Inna, fura ce ake kai wa birni? Ta ce a'a, dukiyar wani Bature ce, ita 'yar aike ce kawai.

Muka tarar da Baba inda na bar shi, a kujera, gaban akwatin da babu kowa. Gwaggo ta yi sallama ta tsaya a kansa.

"Baturen Gusau, an ce mani ka zama tsinke. Ashe ba ƙarya anka yi ba."

Baba ya ɗan yi murmushi ya ce, "Sannu da hanya." Iyakar abin da ya ce ke nan, babu Sarauniyar Ƙauye, babu a ɓoye kaji. Na ga fuskar Gwaggo ta canza, don a rayuwarta ba ta taɓa jifansa da magana bai rama ba. Ta dire bokitin a gaban ƙafarsa ta ɓalle murfin.

"Tashi ka amshi kiwonka. Na gaji."

Ya sunkuya. Ya lalubo tabarau a aljihu ya saka, ya ƙara sunkuyawa. Ya daɗe a haka kafin ya ɗago.

"Ba kin soye su ba?"

"Sun ƙi soyuwa."

Ya sa hannu ya ɗebo ruwan a tafinsa da ɗan kifi guda a ciki, ya kai kusa da ido. Gaskiya zaman randa ya canza su. Wutsiyar ta ragu, shuɗin ya tafi, sai ɗan ja-ja da ya saura a jikin wasu mazan. Baba ya juya shi ta hasken taga.

"Ina kalarsu? Na ba ki 'yan gayu, kin dawo mini da 'yan ƙauye."

"Zama da mutanen kirki ne ya raba su da rawar kai."

Ta ce kada ya ɓata mata lokaci, a kawo ludayi da ƙwarya a yi rabo, don ita ba kyauta ta yi kiwo ba, kuma rabonta Bungudu zai koma, ko don gaba. Na kawo. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ludayi ɗaya cikin akwatin Baba, ludayi ɗaya cikin ƙwaryarta. Baba yana bin hannunta da ido. Can sai na ji muryar da na manta da ita.

"Tsaya, tsaya. Masu cikin duk kin kwashe. Ni kin tara mini maza, me zan yi da su, ƙwallo za su buga mini?"

"Abin da ludayi ya kamo shi ne rabonka."

"Ludayin naki ido gare shi. Kawo nan."

Mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa alwala, sai ga shi ya miƙe da kansa ya durƙusa yana ƙwatar ludayi. Ita ta riƙe, shi ya riƙe, ruwa na zuba a kan kafet. Ta ce shi bai san dokar kiwo ba, ya ce ita ce ta karya ta tun da ta ɓoye haihuwa shekara da shekaru. Ya ce wannan magana ba za ta yanku ba sai da shaida, ya juya wajen ƙofar kicin ya buɗe baki zai yi kira, yadda ya saba.

Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe. Ludayin ya sauka a hankali.

Gwaggo ce ta yi magana, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san tana da ita ba.

"Shaidar ta sani. Duk zuwan da ta yi wurina, sai ta ɗaga hwaihwai ta gaishe su kahin ta zauna. Mu biyu munka yi ta yi maka dariya."

"Ta sani?"

"Tun shekarar hwarko. Ita ce ma ta ce in riƙa ba su gwaiduwa ran Juma'a, wai sun saba da cimar birni."

Baba ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Kuma kullum ta zauna a nan tana taya ni cewa kin ci amana." Sai ya cire tabarau ya rufe fuska da hannun riga. Hawayen da bai yi a ƙofar gida ba, ranar ya yi su, a durƙushe tsakanin bokitin fenti da ƙwarya. Gwaggo ba ta ba shi haƙuri ba. Ta ɗauki ludayin, ta tsamo masu cikin daga ƙwaryarta ta riƙa zubawa a akwatinsa, tana gunaguni wai sun cika mata wuri.

Na fice na ba su wuri. Na shiga kicin na tsaya, na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na ɗora tukunya na jefa ƙwai. Da ya dahu na ɓare, na nemo ɗan farantin tasar nan, na koma falo na dangwarar a gabansa.

"Ga na manyan gida."

Ya dube ni, idonsa jajur. Ya kai hannu ya tsinki gwaiduwar da farce, ya murje a saman ruwa. 'Yan ƙauye ba su yi wani jan aji ba, suka taso gaba ɗaya suka yi caa. Ya tsaya yana kallonsu har suka tsince tas. Sannan ya tura farantin gaban Gwaggo, tunda ita ce baƙuwa.

"Bismillah."

"Ni? Allah shi kiyaye. Ɗiyar manoma ba ta cin ragowar kihi. Kai ka saba."

Ta turo masa farantin har ya taɓa gwiwarsa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, inda Inna take tsayawa. Baba ya dubi ƙwan, ya juya shi da yatsa, ya ɗago kai ya dube ni.

"To ina gishirin?"